Kifi Mai Ɗan Kunnen Tasalla

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa bai nemi shawarar kowa ba, ya tara ruwa ya cika shi da masu rai, ya yi mai ƙafa da mai fiffike da mai jan ciki, ya yi abin da muka sani, ya kuma yi abin da muka gani muka kau da kai. Ni ne Korau ɗan Barmo, mutumin Birnin Alluna mai ƙofa tara, can bayan Duwatsun Gilashi inda rana ke fitowa koriya kafin ta yi ja. Na taka ƙasa goma sha ɗaya, na hau jimina har cinyoyina suka saɓule, na sha ruwan kogunan da ban san sunansu ba. Amma duk abin da na tarar a hanya, babu wanda ya cuce ni kamar wanda na fito da shi daga gida a ƙirjina. Ƙyashi ne, jama'a, ba zan yi masa kwaskwarima ba.

A birninmu akwai littafi guda da ake kira Kundin Halitta. Kowane shafinsa fatar raƙumi ce sukutum, mutum huɗu ke juya shi. A ciki aka rubuta kowace dabba da halinta, kuma shekara bakwai-bakwai ake buɗe shi a ƙara shafi ɗaya tak, da sunan wanda ya kawo sabon abu a samansa. Kafin lokacin, Ma'ajin Kundi kan zaɓi ɗalibai biyu ya tura su duniya tare. Kowa ya nemo nasa, ya kawo dabbar da ranta, abokin tafiyarsa kuma ya tsaya gaban majalisa ya ce, "Na gani da idona." In duka biyun sun sami shaida, majalisa ta zaɓi abin da ya fi girma. In kuwa abokinka ya ce bai gani ba, to ka zama maƙaryaci ke nan. Sai a kai ka karofin hukunci, a tsoma hannayenka biyu cikin wata baba da aka haɗa da ruwan wani itace mai dafi. Shuɗin ba ya fita har kabari, yatsu kuma su sandare, ba ka ƙara riƙe alƙalami.

A shekarar da nake ba ku labari, Ma'aji Dogara, wanda shi ne malaminmu, ya zaɓe ni ya zaɓi Tasalla.

Tasalla 'yar masunta ce, innarta na sayar da bandar kifi a Ƙofar Ruwa. Na girme ta da shekara uku, Yaya Korau take ce min tun muna ƙanana. Ni kuwa gidanmu kakan kakana ma marubuci ne. Na haddace shafi ɗari biyu da goma sha biyu na Kundi, rubutuna kuma in ka gani sai ka so ka rataya shi a bango. Nata rubutun fa? Kamar kaza ta yi tono a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Amma duk ranar da aka kawo wata dabba makaranta, Ma'aji zai dube ni ya ce, "Korau, me Kundi ya ce?" Sai ya juya gare ta, muryarsa ta yi laushi, ya ce, "Tasalla, me kika gani?" Shekara goma sha biyu ina jiran ya yi min wannan tambayar ko sau ɗaya. Bai yi ba.

Muka fita ta Ƙofar Yamma a kan jiminu biyu. Kwana ashirin muna tafiya, muka wuce Duwatsun Gilashi inda mutum ke ganin ƙeyarsa a gabansa, muka faɗa Filin Farar Ƙasa. A nan kuraye suka tare mu da rana tsaka, sun fi talatin. Jiminunmu suka watsar da mu suka yi ta kansu, mu kuma muka haye wani shuri mai tsawon bishiyar kuka, da salkar ruwa ɗaya da ƙunshin bandar da innar Tasalla ta ba mu. Kuraye suka kewaye shurin suka zauna, ba gaggawa suke ba.

Kwana biyu muka yi a can sama. Ni ina ta addu'a, ita kuwa ta kwanta rub da ciki ta zuba musu ido kamar mai kallon biki.

"Yaya Korau, zo ka ga wani abu."

"Abin da zan gani na gan shi, haƙora ne."

"Haba, zo mana. Wancan ƙaton da ke bakin rami, wanda Kundi ke kira sarkinsu. Duba ƙarƙashinsa."

Na leƙa. 'Ya'ya biyu ne baƙaƙe suke shan nono a jikinsa. Ga siffar namiji a fili, kowa zai rantse, ga kuma nono yana zuba.

Na ce, "Shafi na arba'in da uku ya ce kurayen nan duk maza ne, daga cikin shuri suke fitowa."

"To ga mu a kan shurin kwana biyu. Ka ji wani yana motsi a ƙarƙashinmu?" Ta yi dariya, wai ita ko a jikinta. "Uwa ce, Yaya. Manyan nan duk mata ne, haka Allah ya yi su. Ƙananan da ke raɓe-raɓe a gefe su ne mazan. Ka lura, in aka sami nama ba mai kusantarsa sai ita da 'ya'yanta sun ƙoshi. Sauran duk bayanta suke jeruwa su jira."

To a nan ne ni ma kaina ya yi aiki, kuma ina so ku riƙe wannan, don ba wanda ya riƙe min shi. Na kwance rawanina na yi majajjawa da shi, na ɗaure ƙunshin bandar nan, na wulwula na jefa shi har bakin ramin uwar. Ta taka shi da ƙafa. Nan take duk kurayen da ke gindin shurin suka tashi suka je suka jeru bayanta, kowa na jiran rabonsa. Muka silalo ta ɗaya gefen muka zura da gudu, ba mu tsaya ba sai da muka ji ruwa a idon sawunmu.

Da muka isa wani ƙauyen makiyaya muka ba da labari, sai suka yanyame Tasalla. Da gaske nono? Da idonki? Wata tsohuwa har da rungume ta. Na ce, "Ni fa na jefa bandar." Wani ya ce, "Sannu da ƙoƙari," ya koma wurinta. Abin da ya sanyaya min rai kawai shi ne ba mai iya ɗaukar kura da ranta zuwa Alluna, don haka wannan gani nata ya tashi a banza.

Daga nan muka iso Kogin Juyi, wanda ke gudu gabas da safe, ya koma yamma da la'asar. Mai fito ɗaya ne a wurin, wani tsoho da ake kira Malam Cindo. Da ya matso da kwalekwalensa na ga sandar tuƙin a ɗaure take da wuyan hannunsa da igiya. Hannayensa biyu shuɗi ne har gwiwa.

Ya ce, "'Yan Alluna ne, na gane tafiyar. Ba na karɓar komai a hannunku. Kowa ya faɗa min abu ɗaya da ya gani da idonsa wanda babu shi a Kundi, sai ya shigo."

Tasalla ta ba shi labarin kura. Tsohon ya buga ƙafa a cikin kwalekwale yana dariya har hawaye, ya ce, "Shigo, 'yata, shigo ki zauna a gaba." Ya juyo gare ni.

Na gyara murya na fara, "A shafi na sittin..."

"Ɗana, na haddace wannan kafin a yaye ubanka. Me ka gani?"

Wallahi na laluba kaina kaf, ban sami komai ba. Shekara ashirin da bakwai a duniya, ashe ban taɓa kallon komai ba sai fata da tawada. Tasalla ta sauko kamar za ta gyara ɗaurin kayanta, ta raɗa min, "Ka ce katantanwa. In biyu suka haɗu, dukansu ke yin ƙwai. Na sha gani a bayan randar Inna." Na faɗa. Malam Cindo ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Shigo. Amma ka zauna baya, wurin kaya."

Da ta bar ni a gaɓar nan ta tafi, da na yafe mata. Taimakon nan ne ya tsaya min a maƙogwaro.

A tsakiyar kogi tsohon ya ba mu nasa labarin. Ya ce shi dinyoyi biyu, tsuntsayen ruwan nan, ya kai majalisa, duka maza, waɗanda suka yi shekara tara a sheƙa ɗaya, suka tsinci ƙwan da aka yar suka kwanta a kansa bi da bi har ya ƙyanƙyashe. Shaidarsa ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya ce, "Kafin ni an yi wata mai suna Kyauta, ta kawo ƙadangarun da babu namiji a zuriyarsu, uwa ta haifi 'ya, 'ya ta haifi 'ya. Kafin ita an yi wanda ya kawo zakanya mai geza. Dukanmu shuɗi muka ƙare."

Tasalla ta ce, "Baba, dattawan ba su san gaskiya ba ne?"

"Sun fi kowa sani. Kunya suke ji wa dabbobi, alhali dabbobin ba su aike su ba. Amma ba sa ƙaryata kowa da bakinsu, abokin tafiyarka suke bar wa aikin." Ya waiwayo. "Kai ne shaidarta?"

"Ni ne, Baba."

"Allah ya sa ka fi ƙanena."

Na fusata na rantse masa har sau uku. Kuma a lokacin da gaske nake.

Bayan wata biyu muka sauka Tafkin Kwano, tafki zagayayye mai farin dutse a ƙasa, ruwansa garau har kana ganin inuwar kifi. Mutanen wurin a kan ruwa suke gina ɗakunansu, mata ne ke kamun kifi. Ni na shiga daji neman nawa, na kuwa samu: wani buzuzu mai ƙaho bakwai, Kundi bai san shi ba. Na sa shi a gora ina ba shi kashin shanu, ina jin kaina.

Tasalla kuwa ta tare wurin matan nan tana taya su gyaran koma. A tafkin akwai wani kifi da suke kira mai alkyabba. Namijin shuɗi ne babba, da dogon fiffike yana ja a baya. Matan ƙanana ne rawaya, goma ko fiye ke bin namiji ɗaya. Shafi na tara ya ce mazan daga can ƙasan ruwa suke fitowa da girmansu. Wata rana wata masunciya ta ce mata, "Mu dai tun kakanninmu ba mu taɓa kama ƙaramin namiji ba." Wannan magana ɗaya ta hana Tasalla zama.

Ta gina shingen duwatsu a gefen tafki, ta zuba namiji ɗaya da mata tara. Ta kira ni. "Yaya Korau, riƙe min babbar nan, kada ka matse ta." Na riƙe, santsi ya sa na matse, sai ƙwai ya zubo min a tafin hannu, rawaya, ɗumi-ɗumi. Farcena kuma ya ɓanɓare mata ɓawo uku kusa da wutsiya. Tasalla ta cire ɗan kunnenta na tagulla ta huda fiffiken kifin ta saƙala, ta daddanne shi da dutse. Sannan ta kama namijin ta jefa shi waje.

Kullum da hantsi sai ta ja ni mu je mu duba, wai shaida ba ya shaida daga ɗaki. Kwana biyu, mai ɗan kunnen ta fara korar sauran tana kewaye shinge. Kwana shida, bakinta ya fara shuɗi. Kwana goma sha biyar fiffikenta ya yi tsawo. Ranar ashirin da ɗaya, ga namiji cikakke da alkyabbarsa yana yawo da ɗan kunnen Tasalla, ga tabon farcena a wutsiyarsa. Sauran takwas suka zuba ƙwai, ya bi ta kai, kafin wata ya ƙare shingen ya cika da 'ya'ya.

Tasalla ta faɗa ruwa da kayanta tana ihu. Matan tafki suka yi ta guɗa. Ni na tsaya da gorar buzuzuna a hannu, na ji ta yi min nauyi kamar in jefar.

Muka kamo hanyar gida da kifin a cikin tulu, a bayan wani jaki da matan suka ba mu. A Hamadar Toka, kwana uku daga rijiya, jakin ya yi tuntuɓe tulun ya tsage. Tasalla ta tafi neman inuwa, ni kaɗai ne a wurin. Ruwa na tsiyaya, kifin na buɗe baki. Da na tsaya na ƙirga ɗari, shi ke nan, ba kifi ba magana, ba wanda zai ga laifina. Amma sai na tsinci kaina ina narka kakin zuma ina liƙe tsagar, na juye ruwan salkata duka a ciki, na yi kwana biyu harshena kamar ɓawon itace. Na sha tambayar kaina dalili. Ina jin so nake a ce ba don ni ba da bai iso ba. Da na bar shi ya mutu a nan, da na yi mata alheri.

Safiyar ranar majalisa Ma'aji Dogara ya kira ni zaurensa. Ya ɓare goro ya ba ni rabi.

"Na ga buzuzunka, Korau. Abu ne mai kyau, ba ya rikita kowa."

"Allah ya gafarta Malam."

"Shafi na tara kakan kakannina ne ya rubuta shi. Ni kuma na tsufa, ina duba wanda zan fara nuna wa inda mabuɗi yake." Ya tauna goronsa. "Ban ce ka yi komai ba fa. Abin da ka gani za ka faɗa."

Kada ku ce tsohon ne ya sa ni. Na fito daga zauren nan da niyyar faɗin gaskiya.

Majalisa ta cika maƙil, dattawa goma sha biyu a kan buzayensu, mutanen gari har kan katanga. Ni aka fara kira. Na buɗe gora, buzuzu ya fito yana tangaɗi, wasu suka ce, "A'a, ƙaho bakwai." Aka tambayi Tasalla, ta miƙe ta ce, "Na gani da idona, na ƙirga ƙahonin da yatsana. Kuma ku sani, ba don Yaya Korau ba da kuraye sun cinye mu." Aka ɗan gyaɗa kai.

Sai aka buɗe tulunta aka juye kifin a babban kwanon gilashi. Ta yi bayani da muryar nan tata ta kasuwa, ba ƙawa ba komai. Kafin ta rufe baki mutane sun miƙe tsaye. Masunta na ihu daga baya, "Wallahi haka ne! Ba a kama ƙaramin namiji!" Na dubi Ma'aji Dogara, mutumin da ya ba ni goro ɗazu. Ya manta da kakansa, ya tura wuya gaba, bakinsa a buɗe, yana kallonta da irin kallon nan da bai taɓa yi min ba. Abin da ya gama da ni ke nan.

Babban dattijo ya ce, "Korau ɗan Barmo, ka ga wannan kifi yana mace, ka ga ƙwai ya fito daga jikinsa?"

Kifin ya juyo, tabon farcena ya fuskance ni. Na ce, "Na ga ƙwai, na ga kifi. Amma ban tabbata wannan ne ba. Ɗan kunne ana iya cire shi a sa wa wani."

Tasalla ba ta yi ihu ba. A hankali ta ce, "Yaya Korau, a tafin hannunka fa."

"Ka gani da idonka, ko ba ka gani ba?" in ji dattijon.

"Ban gani ba."

Aka wuce da ita karofi kafin azahar, gari na biye. Da marinin ya kama hannunta sai ta ce, "Dakata, Baba," ta naɗe hannun rigarta da kanta don kada ta ɓaci, ta durƙusa ta tsoma. Ta cije leɓe har jini, amma ba ta yi kuka ba. Washegari ta fita ta Ƙofar Yamma.

Na rubuta shafina. Mako uku na yi a kansa, ba a taɓa rubutu mai kyau irinsa a Kundi ba. Na zauna ina jiran a zo a karanta. Cikin shekara bakwai mutum biyu suka nemi a juya musu shi, ɗaya ma kuskuren shafi ya yi. An naɗa ni magajin Ma'aji, an ba ni alkyabba, kowa ya san in Dogara ya sauka ni zan karɓi mabuɗi.

Amma ka shiga kasuwa ka ji. Kifin Tasalla, kifin Tasalla. Fatake na dawowa suna cewa a Tafkin Kwano mutane na zuwa daga ƙasashe su zauna gabanta, mata na kawo jarirai ta shafa musu kai da shuɗin hannun nan. Wata rana na kama ɗalibaina uku sun rina kan ɗan yatsansu da baba, wai alamar su nata ne. Kai! Ni da na ci shafi, ni da ke da kujera, ba wanda ya taɓa rina ko farce don ni. Har hukuncin ma ita ya yi wa kyau.

Don haka da ranar buɗe Kundi ta zagayo, na sa rigata mafi tsada, na tashi a tsakiyar majalisa ba a kira ni ba, na ce, "Ni Korau na yi ƙarya. Na ga kifin yana mace, na gan shi ya zama namiji." Mutane suka ɗauki salati, mata na kuka. Zan gaya muku gaskiya, daɗi na ji. Ma'aji Dogara ya ce, "Korau, bayan damina fa za ka karɓi mabuɗi." Na ce, "Na sani," da ƙarfi, don na kan katanga su ji. Aka kai ni karofi, na naɗe hannun rigata da kaina. Zafin kuwa, ni na yi kuka. Mabuɗi aka ba ɗan ƙanen Dogara, shafi na tara ya zauna yadda yake, don maganar da aka rufe Ma'aji ne kaɗai ke da ikon sake buɗe ta.

Wata huɗu na yi a hanya kafin in isa tafkin. Na tarar da shinge sun fi arba'in a jere a gaɓa. Tasalla na cikin ɗaya, ruwa har gwiwa, tana tura dutse da damtsenta. Ta yi furfura a goshi. Na tsaya a gaɓa na ɗaga hannayena sama yadda za ta gan su da kyau.

"Tasalla, ni ne."

Ta dube ni, ta dubi hannayen. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka, har na shirya abin da zan ce in ta rungume ni.

Ta ce, "Yaya Korau, me ka yi?"

"Na faɗi gaskiya, gaban kowa."

"An gyara shafin?"

"A'a. Ai sai Ma'aji ya..."

"Wa ya karɓi mabuɗi?"

Na faɗa mata. Ta zauna a kan dutsen da take turawa.

Ta ce, "Tun muna kan shurin nan na san abin da ke cinka. Da ka yi min abin da ka yi, na yi shekara ina tsine maka, daga baya na ce a bar shi. In ya sami shafinsa ya sami kujerarsa, cikinsa zai cika ya huce. Wata rana mabuɗi zai zo hannunsa, kuma tun da aka kafa Alluna ba a taɓa Ma'ajin da ya ga abin da idonsa ba sai shi. Duk fataken da suka zo sai na tambaye su, Dogara ya sauka? Ka ga shingayen nan? Kifi goma sha tara na ajiye maka, kowanne da alamarsa. Har dinyoyin Malam Cindo na samo wasu, don tsohon ya ji kafin ya mutu. Damina ɗaya ta rage, Yaya. Ɗaya."

Ta ɗago ta dube ni.

"Don ni ka yi, ko don a ce ka yi?"

Na sauke hannayena. Sai ta share fuska da kafaɗarta ta miƙe. Ta ce, "Tunda ka zo, shigo ka kama. Da damtse ake turawa, za ka koya."

Iyakar hikayata ke nan, in ban da abu ɗaya da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na shiga ruwan, muka dafa dutse ɗaya ni da ita, hannayenmu huɗu a kansa, muna nishi. Sai na kama kaina ina satar kallo, ina so in ga na wa ya fi shuɗi.

Nata ne.